Sabo Bakin Zuwo: sanatan talakawa da ya yi gwamna na wata uku

Idan aka ambaci sunan marigayi Alhaji Aliyu Sabo Bakin Zuwo a Kano, abu biyu ne kan fara zuwa bakin jama'a. Na farko shi ne barkwancin da ake jingina masa, na biyu kuma wata ukun da ya yi yana gwamnan jihar kafin sojoji su kifar da Jamhuriya ta Biyu a ƙarshen shekarar 1983.

Sai dai kafin waɗannan watanni uku, Sabo ya yi shekara huɗu cur a Majalisar Dattawan Nijeriya yana wakiltar Kano ta Tsakiya. A wannan majalisa ce ya yi mafi yawan aikinsa na zaɓaɓɓen wakilin jama'a, daga cikinta ne kuma ya fito ya kayar da Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi, mutumin da a lokacin ake ganin babu mai iya ja da shi a siyasar Kano.

A ƙasar Rano da Kibiya kuwa, dattawa suna tuna shi da wani abu na uku. Shi ne gwamnan da ya soke darajar sarki mai sanda da aka bai wa Rano, ya mayar da ita ƙarƙashin Sarkin Kano, al'amarin da ya ɗauki shekara talatin da shida kafin a sake waiwayarsa.

Tasowarsa

An haifi Sabo a shekarar 1934 a cikin birnin Kano, kuma sunan unguwarsu ta Bakin Zuwo ne ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Bai samu shiga makarantar boko yana yaro ba. Masu rubuta tarihinsa sun nuna cewa sai da ya kai kimanin shekara goma sha shida sannan ya kai kansa ajin yaƙi da jahilci a Shahuci, daga baya ya halarci makarantar al'ummar Ibo da ke Sabon Gari, sannan ya yi kwas a Zariya a kan sha'anin mulkin ƙananan hukumomi.

A daidai wannan lokaci ne siyasar jam'iyyu ta kunno kai a Arewa. A ran 8 ga watan Agustan 1950 wasu matasa suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, cikinsu har da Abba Maikwaru da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin, kuma ba a jima ba Malam Aminu Kano ya zama jagoranta. Manufarta ita ce ƙwato wa talaka 'yancinsa daga hannun hukumar En'e da hakimai da dagatai, waɗanda ke karɓar haraji da jangali, suke kuma da iko a kan kotunan alƙalai da 'yan doka da gidajen yari.

Sabo ya shiga NEPU yana saurayi, a zamanin da zama ɗan jam'iyyar ke jawo wa mutum duka da ɗauri da asarar sana'a. A nan ya yi karatunsa na gaskiya. Ya koyi tsayawa a gaban taro, da tsara magana yadda mai sayar da goro da ɗan dako za su gane, da sanin wanda za a nema a kowace unguwa idan ana son tara jama'a. Wannan ilimi bai zo da takardar shaida ba, amma shi ne jarin da ya ci moriyarsa har ya bar duniya.

Majalisar da ba ta talaka ba

Domin a fahimci girman abin da ya faru a 1979, sai an dubi yadda majalisun dattawa suke kafin wannan shekara.

Asalin irin wannan majalisa daga tsohuwar daular Rum ne, a ƙasar Italiya ta yau, kuma sunanta a harshen Latin ya fito ne daga kalmar da ke nufin tsoho. Saboda haka fassarar da Hausa ta yi mata ta dace ƙwarai. A Italiya ɗin kanta, tun daga 1861 har zuwa ƙarshen mulkin sarauta bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sarki ne ke naɗa sanatoci, kuma sai mutuwa ke raba su da kujerunsu. Sai a 1948 ne jama'ar ƙasar suka fara zaɓensu da kansu.

A Nijeriya ma kusan haka abin ya faro. Majalisar Dattawan da aka kafa a 1960, wadda Dr Nnamdi Azikiwe ya fara shugabanta, ba jama'a ne suka zaɓi 'ya'yanta kai tsaye ba. Kowane yanki na ƙasar shi ke tura mutum goma sha biyu, Legas ta ba da huɗu, sannan a naɗa wasu huɗu. Ikonta bai wuce ta jinkirta doka ba. A Kaduna kuma, babban zauren majalisar Jihar Arewa shi ne Majalisar Sarakuna, inda Sarkin Musulmi da Shehun Borno da Sarkin Kano da takwarorinsu ke zama. Ɗan NEPU ba shi da ƙofar shiga ko ɗaya daga cikin biyun.

Tsarin mulkin 1979 ne ya sauya wannan. An ɗauko salon Amurka na shugaban ƙasa mai cikakken iko, aka ba kowace jiha daga cikin jihohi 19 kujeru biyar, jimilla 95, kuma duk ta hanyar ƙuri'ar jama'a. An ba majalisar ikon tantance ministoci da jakadu, da yin doka kafaɗa da kafaɗa da Majalisar Wakilai, da sa hannu a kasafin kuɗi da rabon arzikin ƙasa.

Zaɓen 1979

Lokacin da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ɗage haramcin siyasa a 1978, tsofaffin 'yan NEPU da wasu matasa 'yan boko masu ra'ayin sauyi suka taru a ƙarƙashin Malam Aminu Kano suka kafa jam'iyyar PRP. An fara jerin zaɓuɓɓukan ne da na Majalisar Dattawa a ran 7 ga watan Yulin 1979.

PRP ta lashe dukkan kujeru biyar na jihar Kano, wadda a lokacin ta haɗa da Jigawa ta yanzu, ta kuma samu biyu a jihar Kaduna. Jam'iyyar NPN ta samu 36, UPN 28, NPP 16, GNPP kuma 8. PRP ce mafi ƙanƙanta da kujeru 7, kuma Sabo Bakin Zuwo na ɗaya daga cikin masu su.

Ƙarfin jam'iyyar a Kano ya sake bayyana a zaɓen shugaban ƙasa na watan Agusta. Alhaji Shehu Shagari na NPN ya samu kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a jihohi goma sha biyu, amma a Kano bai kai ko kashi 20 cikin 100 ba. A kan ƙuri'un Kano ne aka yi shari'ar nan da ta shahara ta jihohi goma sha biyu da biyu bisa uku, wadda Cif Obafemi Awolowo ya kai har Kotun Ƙoli kafin a tabbatar wa Shagari nasararsa.

A zauren majalisa

A watan Oktoban 1979 majalisar ta fara zama a Legas. NPN ba ta da rinjaye ita kaɗai, don haka ta ƙulla yarjejeniya da NPP, abin da ya ba su kujeru 52. Dr Joseph Wayas ya zama shugaban majalisa, John Wash Pam mataimakinsa, Dr Olusola Saraki kuma jagoran masu rinjaye.

Zaure ne cike da manyan 'yan boko. Akwai Jaja Wachuku, tsohon ministan harkokin waje, akwai lauyoyi irin su Abraham Adesanya, akwai likitoci da akantoci da tsofaffin manyan ma'aikatan gwamnati. Da Turanci ake muhawara, da shi ake rubuta ƙudurori. A cikin waɗannan mutane ne ɗan ajin yaƙi da jahilci na Shahuci ya samu kujera, kuma bai zauna a matsayin ɗan kallo ba. Ana lissafa shi cikin sanatocin da suka fi kowa gabatar da ƙudurori a wannan majalisa, kuma ya yi suna wajen faɗin abin da ke ransa ba tare da shakkar kowa ba.

Daga wannan zamani ne yawancin labaran barkwancin da ake dangantawa da shi suka samo asali. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne na ranar da aka ce an tambaye shi irin ma'adinan da ke jihar Kano, sai ya shiga lissafa sunayen lemon kwalba, saboda kalmar Turanci guda ce 'yan Nijeriya ke amfani da ita wajen kiran abubuwan biyu. Irin waɗannan labarai sukan ƙaru a bakin masu ba da su, kuma 'yan hamayya sun yi amfani da su sosai domin nuna cewa bai cancanci shugabanci ba. Abin da masu dariyar ba su lura da shi ba shi ne, mafi yawan masu jefa ƙuri'a a Kano su ma ba su yi boko ba. Duk lokacin da aka yi wa Turancin Sabo ba'a, da yawa daga cikinsu sukan ji kamar da su ake.

Shekarun sun kasance masu zafi. An yi doguwar taƙaddama a kan dokar rabon arzikin ƙasa ta 1981, wadda Kotun Ƙoli ta soke a wannan shekara saboda hanyar da aka bi wajen zartar da ita. A watan Yulin 1981 yarjejeniyar NPN da NPP ta wargaje, gwamnatin Shagari ta koma neman ƙuri'u ɗaya bayan ɗaya a duk lokacin da take son wata doka ta wuce. A irin wannan yanayi, ƙuri'ar sanatan ƙaramar jam'iyya takan yi tsada, kuma hakan ya ƙara wa 'yan PRP nauyin da ya fi yawansu.

Santsi da Taɓo

Amma ita kanta PRP ta riga ta dare gida biyu. Gwamnoninta biyu, Abubakar Rimi na Kano da Alhaji Abdulkadir Balarabe Musa na Kaduna, sun riƙa halartar taron gwamnoni tara masu kiran kansu 'yan ci-gaba tare da na UPN da GNPP. Uwar jam'iyya ta hana su, suka ƙi, aka kore su a 1980. Ɓangaren gwamnonin ya ɗauki tsohon shugaban ƙwadago Michael Imoudu a matsayin jagora, hukumar zaɓe ta FEDECO kuma ta amince da ɓangaren Malam Aminu a matsayin halattacciyar jam'iyya.

Mutanen Kano suka raɗa wa ɓangarorin suna. Magoya bayan Rimi su ne 'yan Santsi, waɗanda suka tsaya tare da Malam kuma 'yan Taɓo. Rabuwar ta shiga kasuwanni da unguwanni, ta raba abokai, a wasu wurare har ta taɓa aure. 'Yan Santsi suna zargin 'yan Taɓo da kusantar NPN, su kuma suna zargin 'yan Santsi da butulce wa wanda ya ɗora su a kan mulki.

Sabo ya tsaya a Taɓo, bai taɓa yin rawa ba. Da yake gidan gwamnati da kuɗinta da rediyonta duk suna hannun Rimi, kujerun majalisar tarayya ne suka zama babban dandalin da ya rage wa ɓangaren Malam, kuma Sabo na cikin waɗanda muryarsu ta fi fitowa daga can. Ta haka ne sanatan Kano ta Tsakiya ya zama babban abokin karawar gwamnan jiharsa.

Batun Rano

Rimi ya fara mulki da soke haraji da jangali, abin da NEPU ta shekara kusan talatin tana nema. Daga nan ya juya kan masarauta. A 1981 ya ɗaga darajar wasu tsofaffin garuruwa, da suka haɗa da Rano da Gaya da Dutse da Auyo, ya mai da masu sarautarsu sarakuna masu cin gashin kansu, daidai da Sarkin Kano.

Ga mutanen Rano, wannan ba kyauta ba ce daga gwamna, tsohon haƙƙi ne ya dawo. Rano na ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, tare da Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Biram, kuma a labarin Bayajidda ita da Kano ne aka ba sarautar baba, wato rini. Sarkinta ne ake yi wa laƙabi da Autan Bawo. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ƙasar ta kasance ƙarƙashin Kano, Sarkin Rano ya zama ɗaya daga cikin hakiman Sarkin Kano duk da cewa sunan sarki bai bar shi ba. Garuruwan yankin, ciki har da Kibiya, suna da tsohuwar alaƙa da wannan gida.

A cikin birnin Kano kuwa an kalli matakin a matsayin yunƙurin karya Sarki Ado Bayero. Da gwamnatin jihar ta aika wa Sarkin takardar tuhuma a watan Yulin 1981, tarzoma ta ɓarke a ran 10 ga watan. An ƙona gine-ginen gwamnati da dama, an kuma kashe mai bai wa gwamna shawara kan harkokin siyasa, Dr Bala Muhammad. Daga wannan rana, masu kishin masarautar Kano da 'yan Taɓo suka samu abokin hamayya guda, ko da yake shekaru talatin kafin nan su ne ba sa ga maciji da juna.

Daga majalisa zuwa gidan gwamnati

Malam Aminu Kano ya rasu a ran 17 ga watan Afrilun 1983, ana saura 'yan watanni zaɓe. Rimi, wanda ba shi da jam'iyyar da zai tsaya a cikinta, ya sauka daga mulki ya koma NPP, mataimakinsa Alhaji Abdu Dawakin Tofa ya ƙarasa wa'adin. PRP ta tsayar da Sabo Bakin Zuwo, Alhaji Wada Abubakar kuma a matsayin mataimaki.

A ido, takarar ba ta yi kama da ta tsara ba. Rimi matashi ne mai ilimi da fasahar magana a Hausa da Turanci, ga ayyukan da zai nuna: hukumar ilimin manya, jaridar Triumph, gidan talabijin na jiha, da hanyoyi da wutar lantarki a karkara. Sabo kuwa yana da tutar PRP da alamar mabuɗi, yana da juyayin rasuwar Malam, yana kuma da goyon bayan duk wanda rikicin 1981 ya ɓata wa rai. A zaɓen watan Agusta ya yi nasara, kuma Kano ce kaɗai jihar da PRP ta samu gwamna a wannan shekara, domin Kaduna ta faɗa hannun NPN.

An rantsar da shi a ran 1 ga watan Oktoban 1983. Cikin matakansa na farko akwai soke masarautun da Rimi ya ƙirƙiro. Sarkin Rano da takwarorinsa suka koma matsayin hakimai bayan shekara biyu da 'yan watanni.

A nan ne masu nazarin siyasar Kano suka fi samun abin tattaunawa a tarihin Sabo. Mutumin da ya taso a jam'iyyar da aka kafa domin rage ikon sarakuna, shi ne ya mayar wa Sarkin Kano ƙasarsa cikakkiya. Magoya bayansa sun ce ƙara yawan sarakuna bai taɓa zama manufar NEPU ba, kuma abin da Rimi ya yi ramuwar gayya ce ta siyasa wadda ta jawo asarar rayuka. Wannan hujja tana da ƙarfi. Amma gaskiya ne kuma cewa ba a nemi jin ra'ayin mutanen Rano da Gaya ta hanyar ƙuri'a ba, a lokacin da aka ba su da kuma lokacin da aka karɓe. Rigimar mutanen birni ce, su kuwa aka yi ta a kansu.

Wani matakin da ya samu karɓuwa shi ne rufe gidan silima na Palace da ke Jakara, wanda tun buɗe shi a farkon shekarun 1950 malamai da iyaye ke ƙorafi a kansa saboda yana cikin ganuwar birni. Sabo ya mai da shi asibiti, kuma daga baya aka sa wa asibitin haihuwar da ke wurin sunansa.

Juyin mulki da kurkuku

A ran 31 ga watan Disambar 1983 sojoji suka karɓi mulki, Manjo Janar Muhammadu Buhari ya zama shugaban ƙasa. Aka rushe majalisun dokoki, aka kama gwamnoni da ministoci. Hamza Abdullahi, hafsan sojan sama, shi aka turo Kano a matsayin gwamnan soja.

Sabuwar gwamnatin ta ba da sanarwar cewa an samu tsabar kuɗi naira miliyan 3.4 a gidan da Sabo yake zaune. Kuɗi ne masu yawan gaske, domin a lokacin naira ta fi dalar Amurka daraja a farashin gwamnati. An ruwaito cewa ya kare kansa da hujjar cewa kuɗin gwamnati ne aka samu a hannun gwamna, don haka babu abin mamaki. Jaridun Legas suka samu abin rubutawa, har suka juya sunan unguwarsu zuwa kalmar Turanci mai nufin ajiyar kuɗi a banki.

Kotun soja ta musamman ta same shi da laifi a kan tuhume-tuhume da dama, kuma rahotanni sun ce idan aka tara shekarun ɗaurin da aka yanke masa sun kai 300. Waɗannan kotuna sun sha suka, har ƙungiyar lauyoyin Nijeriya ta ƙaurace musu, saboda sojoji ne ke shugabantarsu, kuma wanda ake tuhuma ne aka ɗora wa nauyin wanke kansa. Duk da haka, ajiye irin wannan kuɗi a gida tabo ne da ko masoyansa suka sha wahalar karewa. Abokin hamayyarsa Rimi ma bai tsira ba, shi ma an ɗaure shi.

Bayan Janar Ibrahim Babangida ya hau mulki a watan Agustan 1985, an sake duba shari'o'in 'yan siyasar, aka sassauta wa da yawa, aka sake su. Sabo ya fito, amma bai daɗe ba. Ya rasu a watan Fabrairun 1989 yana da shekara 54, kafin a sake kafa wata Majalisar Dattawa a Nijeriya.

Bayan rasuwarsa

Tsarin mulkin 1999 ya ba kowace jiha kujeru uku, ya ba Abuja ɗaya, jimilla 109. Rano da Kibiya suka faɗa mazaɓar Kano ta Kudu, kuma daga 2003 zuwa 2007 Sanata Usman Umar Kibiya ne ya riƙe kujerar.

Batun masarautar kuwa bai mutu ba. Dutse ta zama babban birnin jihar Jigawa a 1991, ta fita daga lissafin Kano. A watan Mayun 2019 Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu a dokar da ta kafa masarautun Rano da Gaya da Ƙaraye da Bichi, Alhaji Tafida Abubakar Ila ya karɓi sanda a matsayin Sarkin Rano mai daraja ta ɗaya, ya rasu bayan shekara guda. A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya soke masarautun, kamar yadda Sabo ya yi a 1983. Bayan wata biyu aka yi wata sabuwar doka da ta mayar da Rano masarauta mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomi uku a ƙarƙashinta: Rano da Bunkure da Kibiya.